Tsirrai marasa fure da maƙalar da ta ƙi ɗinkuwa

'Yata, na karanta tambayarki tare da rubutun da kika haɗo. Kin ce an ba ku aikin maƙala a kan tsirrai marasa fure, kin yi sakin layi biyar, amma malamarku ta dawo miki da takardar ta rubuta a gefe cewa sakin layukan ba su san juna ba. Kin koma kin ɗora "haka kuma" da "bugu da ƙari" da "har ila yau" a farkon kowanne, ta sake cewa da sauran aiki. Yanzu kina tambaya wace kalma ce ta rage ba ki saka ba.

Babu kalmar da ta rage. Malamarki ta yi gaskiya, kuma ciwon yana cikin yadda kika jera tunanin ne tun kafin ki kai ga kalmomi. Na daɗe ina koyar da ilimin tsirrai ina duba rubutun ɗalibai, kuma ban san darasin da ya kai wannan haifar da irin maƙalarki ba, domin littattafai da yawa kamar lissafin kaya suke kawo shi: ga rukuni, ga siffofinsa, ga misalansa, sai na gaba. Ɗalibi ya ɗauki jerin nan ya mayar da kowane layi sakin layi. Ki gwada abu ɗaya yau. Ki sa almakashi ki raba sakin layukanki, ki cakuɗa su, ki sake jerawa yadda suka zo hannu. Idan maƙalar ta karantu kamar yadda take a da, to dama can ba a haɗe suke ba, kuma "bugu da ƙari" ba zai ɗaure su ba.

Wani ɓangare na wahalar daga sunan darasin yake. "Marasa fure" suna ne da aka raɗa bisa abin da babu, kuma rashin abu ba ya mayar da kowa ɗan'uwan kowa. Carl Linnaeus, masanin nan na ƙasar Suwidin, da ya tsara tsirrai a ƙarni na 18 bisa sassan furensu, sai ya tattara waɗanda bai ga hanyar haihuwarsu ba ya zuba su a aji na 24, ya kira shi da sunan da ke nufin "ɓoyayyen aure". A yau mun san cewa bishiyar fayin, mai ganye kamar allura, ta fi kusa da duk wani tsiro mai fure a kan kusancinta da agugu, tsiron nan na wuraren danshi mai ganye kamar gashin tsuntsu, shi kuma agugu ya fi kusa da fayin a kan gansakuka. To tunda ba gida ɗaya ba ne, sai ke marubuciya kin nemo zaren da zai ratsa su duka, domin sunan ba zai ba ki shi ba.

Zaren da na fi so, kuma wanda nake ganin ya fi gaskiya, shi ne ruwa. Kakannin tsirran tudu a cikin ruwa suka rayu, kuma alamun farko na tsiro a kan tudu sun kai shekara miliyan 470. Duk tsiron da ya bar ruwa yana da matsala biyu: yadda zai kai ruwa ga sassan jikinsa da ke sama, da yadda ƙwayar namiji za ta isa ga ta mace ba tare da tafkin da za ta yi iyo a ciki ba. Kowane rukuni a maƙalarki yana da amsarsa ga tambayoyin nan biyu. Da zarar kin riƙe wannan, kowane sakin layi zai ƙare da wani abu da bai warware ba, kuma wannan abin shi ne ƙofar na gaba.

Mu fara da rukunin da littafinku ya kira biriyofaita, wato gansakukar tudu da danginta. Na ce ta tudu ne saboda kalmar gansakuka tana ɗaukar abu biyu a bakin mutane, koren kumfan da ke yawo a kan ruwan da ya kwanta, da kuma lallausar shimfiɗar nan da ke kama jikin dutse ko bango ko gindin bishiya mai danshi. Ta biyun muke nufi, kuma ya kamata ki faɗi haka a jimlar farko. Tana da nau'i kusan 12,000. Ba ta da saiwa ta gaskiya, sai 'yan zaruruwa da take maƙalewa da su. Ba ta da ƙaƙƙarfan bututun da ke haurar da ruwa, da dukkan jikinta take sha kamar soso. Akwai nau'in da ake kira Sifagnom da ke riƙe ruwan da ya ninka busasshen nauyinsa kusan sau 20, har an yi amfani da shi wajen ɗaure raunukan sojoji a Yaƙin Duniya na Farko. Ga yadda kika rufe wannan sakin layin kika buɗe na gaba:

"…Misalan biriyofaita sun haɗa da gansakuka da makamantanta.
Bugu da ƙari, teridofaita tsirrai ne masu saiwa da kara da ganye."

Jimlar farko ta rufe ƙofa ta sa sakata. Ba ta bar wa mai karatu wata tambaya ba, saboda haka ta biyun ta zo masa kamar baƙon da bai yi sallama ba. Dubi wannan kuma:

"…Tunda ba ta da bututun da zai haurar mata da ruwa, gansakuka ba ta iya miƙewa, yawancinta ba ta wuce 'yan santimita, kuma ko mafi tsayinta ba ta kai mita ɗaya ba.
Wannan bututun da gansakuka ta rasa shi ne agugu ya samu, kuma da shi ya tashi tsaye."

Ki lura babu mahaɗi ko ɗaya a nan. Kalmar "bututu" ce ta tsallaka daga wancan gefe zuwa wannan, tare da "wannan" da ke nuna baya. Sabon sakin layin ya fara da abin da mai karatu ya riga ya riƙe a hannu, sannan ya miƙa masa sabon abu, wato agugu, a ƙarshen jimla. Sananne a gaba, baƙo a baya. In kin kiyaye wannan kaɗai, rabin aikinki ya ƙare. Kada kuma ki ji tsoron maimaita kalmar. Ɗalibai da yawa sukan ce "bututu" a nan, "jijiya" a can, "hanyar ruwa" a gaba, don gudun maimaici, sai mai karatu ya ɗauka abubuwa uku ake nufi.

Sakin layin agugu, wato teridofaita, shi ne zuciyar maƙalar, kuma a nan nake so ki daɗe. Bututun ya ba shi tsayi: akwai agugun da ke zama bishiya ta kai mita 20. A zamanin da ya kama daga shekara miliyan 359 zuwa 299 da suka wuce, dazuzzukan fadama sun cika da tsirrai masu bututu marasa iri, cikinsu har da Lefidodendiron da ke wuce mita 30, kuma gawarwakinsu da suka danne a cikin laka su ne asalin kwal mai yawa da ake haƙowa a yau. Na ga kin ajiye maganar kwal a wani sakin layi dabam mai suna amfanin tsirrai marasa fure, inda kika tara ta da katako da magani. Ki dawo da ita nan. A can kaya ce a cikin buhu, a nan kuwa hujja ce da ke nuna girman abin da bututu ya yi.

Sai dai agugu matsala ɗaya ya warware cikin biyu. Idan kin samu ganyensa wanda ya ƙosa, ki juya bayansa. Za ki ga ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa a jere, wani lokaci layi biyu a gefen jijiyar ganyen, wani lokaci a bakin ganyen kamar an yi masa kalmasa. Ɗalibai sukan ce cuta ce ko ƙwan ƙwari. Ki kifa ganyen a kan farar takarda, ki ɗora littafi a kai, ki bar shi ya kwana. Da safe in kin ɗaga a hankali za ki tarar da hoton ganyen an zana shi da wata ƙura mai laushi. Wannan ita ce ƙurar haihuwa, wadda ake kira sifo. Kowace ƙwaya tantani ɗaya ce tak, babu ɗan tayi a cikinta, babu wani guzurin kirki, kuma wannan ne ya raba ta da iri. Idan ta faɗi a wuri mai danshi, ba agugu ke fitowa ba. Wani ɗan koren abu ne falle ɗaya, mai siffar zuciya, wanda bai kai faɗin farce ba, kwance a ƙasa. A ƙarƙashinsa ne sassan namiji da na mace suke, kuma ƙwayar namijin tana da gashin iyo. Sai an samu ɗan ruwan sama ko raɓa ta bi ta isa ga ƙwan. Daga wannan haɗuwar ne agugun da muka sani yake tsirowa.

Shekaru da yawa ina nuna wa ɗalibai wannan ɗan koren abu a cikin kwalba, kuma har yau ba ya daina taɓa ni: bishiya mai mita 20, amma haihuwarta tana jiran ɗigon raɓa a kan abin da bai kai farce ba. Wanda ya nuna cewa wannan karɓa-karɓa tsakanin tsara mai fitar da sifo da tsara mai fitar da ƙwayoyin namiji da mace tana gudana a gansakuka da agugu har zuwa bishiyoyi irin su fayin shi ne Wilhelm Hofmeister, Bajamushe mai sana'ar littattafai wanda ya koyar da kansa ilimin tsirrai, a aikin da ya buga a 1851. Bambancin shi ne a gansakuka koren da kike gani shi ne tsara mai ƙwayoyin namiji da mace, mai sifon kuwa ɗan siririn kara ne da ke tsaye a kanta yana ci daga jikinta. A agugu abin ya juye. Wannan juyin ma zare ne da za ki iya ja, domin a tsirrai masu iri waccan tsarar ta ƙara ƙanƙancewa har ta koma cikin bununi, wato ƙurar da ke ɗauke da ƙwayar namiji, da cikin ƙwan iri.

Kin ga ƙarshen sakin layin agugu ya rubuta kansa: ya tashi tsaye, amma haihuwarsa na daure da ruwa. Ga buɗewar na gaba: "Abin da ya kwance wannan ɗaurin abu biyu ne, bununi da iri." Bununi ya ɗauke wa ƙwayar namiji tafiya a cikin ruwa, galibi iska ce ke kai shi. Iri kuma ya ba ɗan tayi riga da guzuri, ya iya jiran lokacin da ya dace. Tsirrai masu iri sun bayyana fiye da shekara miliyan 360 da suka wuce, tun kafin a san fure. Waɗanda suka rage daga cikinsu ba tare da fure ba su ne jimnosfam, kalmar Girkanci ce mai nufin iri tsirara, domin irinsu ba a lulluɓe yake cikin 'ya'yan itace ba. A yawancinsu yana zaune ne a kan ɓawon kon, wato ƙunshin nan mai ɓawo-ɓawo da ke fitowa a jikin tsiron. Nau'insu ya ɗan haura 1,000.

A cikin wannan sakin layin ma jeri yana da muhimmanci. Kin fara da fayin saboda shi ya fi suna. Ni da saikad da ginko zan fara. Saikad shi ne wanda ke kama da gajeren dabino, kodayake ba su da dangantaka ta kusa, shi dabino mai fure ne. Ginko kuwa bishiya ce mai ganye kamar mafici. A 1896 wani mai bincike a Japan, Hirase Sakugoro, ya gano cewa ƙwayar namijin ginko tana da gashin iyo, kuma a shekarar ne abokin aikinsa Ikeno Seiichiro ya ga haka a saikad. Iska ko ƙwaro ne ya kawo bununin, amma taƙin ƙarshe da iyo ake yin sa, a cikin ɗan ruwan da ke cikin ƙwan irin kansa. Wato waɗannan biyun ba sa jiran raɓa, amma ba su manta iyo ba. Su ne gadar da ke tsakanin agugu da fayin, wanda shi bututun bununinsa ke kai ƙwayar har wurin ƙwan ba tare da iyo ba. In kin sa su a farko, mai karatu zai taka daga agugu zuwa fayin bai ji tsalle ba. Daga nan sai ki kawo abin da rukunin ya kai gare shi: bishiya mafi tsayi a duniya daga cikinsu take, a Kalifoniya ta Amurka, ta haura mita 115, sai Welwiciya a hamadar Namib, tsakanin Namibiya da Angola, mai ganye biyu rak da ke ta girma tsawon rayuwarta ta ɗaruruwan shekaru.

Yanzu ga gargaɗin da nake so ki ɗauka da muhimmanci. Zaren ruwa hanyar ba da labari ce, kuma yana iya jan alƙalami zuwa ƙarya in ba a kula ba. Na sha ganin ɗalibi, don sakin layinsa ya zame sumul, ya rubuta "daga nan sai gansakuka ta rikiɗa ta zama agugu". Ba haka ba ne. Gansakukar yau ba kakar agugun yau ba ce. Kaka ɗaya suka haɗa a can baya, kowa ya kama hanyarsa. Kuma gansakuka ba agugu ba ce da ta kasa ƙarasawa. Da yawa daga nau'inta na iya bushewa ƙarau su yi kamar sun mutu, ruwa na taɓa su su farfaɗo, tana rayuwa har a Antatika, kuma tana da nau'i 12,000 a inda ginko ke da guda ɗaya tal. Jimlar da ta haɗa sakin layi biyu da'awa ce kamar kowace jimla, dole ta zama gaskiya.

Haka ma mahaɗan da kike nema. Ban hana ki su ba, amma ki san kowanne alkawari yake yi. "Saboda haka" na cewa abin da ya gabata shi ya jawo wannan. "Amma" da "sai dai" na cewa wannan zai saɓa wa tsammanin da na baya ya gina. "Wato" na cewa maganar ɗazu ce za a sake faɗa a sauƙaƙe. "Bugu da ƙari" kuwa ba ya cewa komai sai "ga wani", shi ya sa ya fi kowanne sauƙin ɗorawa kuma ya fi kowanne rashin amfani. A wani wuri kin rubuta: "Agugu yana da saiwa. Saboda haka yana haihuwa ta hanyar sifo." Saiwa ba ta jawo sifo ba, ai gansakuka ba ta da saiwa kuma sifo take yi. Mai karatu mai lura zai tsaya a nan ya daina yarda da ke. Ki kuma tuna harshenmu yana da ƙananan kalmomi masu yin wannan aiki ba hayaniya. "Agugu kuwa" ta isa ta nuna an juya ga kishiya. "Ginko ma" ta isa ta nuna kamanci. "Fayin kam" ta ware shi daga sauran. Abin da za ki guje wa shi ne buɗe sakin layi da "shi" ko "ita" ko "su" tsurarsu, domin bayan mai karatu ya tsallake farin layi ba lallai ya tuna wa ake nufi ba. Ki kira sunan.

Saura sakin layinki na biyar, wanda kika ce duk yadda kika juya shi ya ƙi zama. Na naman kaza ne. Ya ƙi zama ne don ba ɗan gidan ba ne. Naman kaza da danginsa ba tsirrai ba ne: ba su da koren sinadarin da ke haɗa abinci da hasken rana, daga ruɓaɓɓen abu ko jikin wani suke ci, kuma sun fi kusa da dabbobi a kan tsirrai. Linnaeus ya sa su a ajinsa na 24, amma tun tsarin Robert Whittaker na 1969 aka ware musu masarautarsu. Ki cire shi, ko ki mayar da shi jimla ɗaya a gabatarwa inda kike fayyace abin da maƙalar ba ta ƙunsa ba. A wannan jimlar ce kuma za ki gyara maganar ɓaure, da kika lissafa cikin marasa fure. Yana da fure, ɗaruruwa ma, sai dai a cikin abin da muke kira ɗansa suke, kuma wani ɗan ƙanƙanin ƙwaro ne ke shiga ta ƙaramar kafar da ke ƙasansa ya kai musu bununi. Rashin ganin fure ba ya nufin babu shi. Ciyawa ma tana fure.

Ba ruwa kaɗai ne zaren da zai yiwu ba. Wani zai bi zamani, wani ya bi wurin zama, daga fadama zuwa hamada. Ki dai zaɓi ɗaya ki faɗe shi a gabatarwa da jimla guda, kada ki sauya a tsakiya. In kin gama, ki karanta jimlar farko ta kowane sakin layi kaɗai, a bayyane, ɗaya bayan ɗaya. Ya kamata su ba da labarin su kaɗai: tsiron da ya bar ruwa yana da matsala biyu, gansakuka ta zauna kusa da danshi, bututun da ta rasa agugu ya samu, bununi da iri sun kwance ɗaurin da ya rage wa agugu. Duk inda muryarki ta yi tuntuɓe, ki koma jimlar ƙarshe ta sakin layin da ke sama, yawanci a can gyaran yake.

Rufewar ma daga zaren za ta fito. Jimnosfam ya bar abu ɗaya a buɗe, irinsa tsirara ne. Abin da ya lulluɓe iri shi ne ɗan itace, ɗan itace kuma daga fure yake fitowa, kuma masu furen nan su ne kusan kashi 90 cikin ɗari na nau'in tsirran tudu a yau. Jimla biyu sun ishe ki a nan, domin kin iso iyakar abin da aka tambaye ki. Ki sake rubuta ta a kan wannan tsari, ki bar mahaɗan sai a karatu na ƙarshe, sannan ki mayar wa malamarki tare da tsohuwar takardar don ta ga inda kika taɓa.